Ginshiƙai masu ciki na Abban Hanifa

Shekara huɗu ke nan da korona ta ɗauke mijina, Abban Hanifa, a wani asibiti a Kuala Lumpur. Ban ga fitar ransa ba, ban ga makararsa ba. Da so samu ne, addu'a kawai zan roƙa masa a wannan shafi. Amma ranar Asabar za a rushe abu ɗaya da ya bari a tsaye a duniya, kuma na rasa mai saurarena.

Karatun zanen gine-gine ya kawo shi, ni da yara muka biyo shi. Fita da shi aiki ne. Mu je Brickfields cefane, sai ya ja ya tsaya gaban tsohon shago, ya ƙura wa ginshiƙi ido kamar ya ga ɗan garinsu.

"Maman Hanifa, wannan asalinsa Girka. Rumawa suka kwaikwaya, Turawan Ingila suka ɗauko, yau ga shi yana gadin kedai, shagon mutanen nan."

Ni kuwa hankalina na kan kifin da ke jakata.

Shi ya gaya min Girkawa ba sa miƙe ginshiƙi sambal. Sukan ɗan kumbura shi a tsakiya, don ido ya ga kamar yana jin nauyin abin da ya ɗauka. Da aka shiga kullen korona, muka maƙale a ɗan gidanmu na Setapak, sai ya duƙufa kan gidan da yake gina mana a Kano. Kullum yana kan bidiyo da birkila suna ja-in-ja.

Birkilan ya ce, "Injiniya, fila mai ciki? Ai sai a ce ban iya aiki ba."

Abban Hanifa ya lallaɓa shi har aka gama ginshiƙan yadda yake so. Kafin a zuba dakin, rufin kankaren, tari ya kama shi.

Yanzu wansa, Yaya Sabo, ya tashi ƙarasa wa marayu gidan, Allah ya saka masa. Sabon magini ya duba, ya ce filolin a karkace suke, sai an fasa. Na kira, na yi bayani, na yi kuka. Yaya ya ce, "Ki yi haƙuri, rufi yaran nan suke buƙata." Gaskiya ya faɗa, ni kuma ba ni da ilimin da zan kare su.

Da Abban Hanifa na nan, na san dariya zai yi, ya ce na Girkawan ma da yawa ba rufi suke tsaye. Ni na kasa dariyar. Mutanen da ba wanda ya san sunansu, aikinsu ya ƙetaro teku har bakin titin da nake hawa bas. Nawa mijin, ko shekara biyar ba a bar nasa ya cika ba.

Izinin zamanmu ya kusa ƙarewa. Za mu tafi mu bar kabarinsa a ƙasar mutane, kuma ƙaraminmu ba ya tuna muryarsa. Me zan nuna masa in ce wannan aikin ubanka ne?

Yaya, na san kana karanta wannan jarida. Ban ce a bar su duka ba. Don Allah ka bar min ko ɗaya, ko da ba zai ɗauki komai ba.