Shanu a cikin fim ɗina

A shekarun da aka fara shari'ar Musulunci ina yawon ɗaukar hoto a ƙauyukan Rano da Kibiya. Biki, suna, fastar masu neman kansila, duk ba na zaɓe. Wata rana da kaka aka kira ni ƙauyen Nariya in ɗauki wata tsohuwa hoton fasfo. 'Ya'yanta sun biya mata kujerar Makka, washegari za a miƙa takardu. Da ƙyar aka fito da ita daga ɗaki ta zauna gaban farin zane, tana ta mita wai ita ba ta taɓa tsayawa gaban namiji baƙo ba.

A hanyar dawowa ɗan acaɓa ya bi da ni ta wajen duwatsun Rurum. Nan na hango fararen shanu sun bazu a gindin dutse. Ni ɗan birni ne, abu ya yi min kyau kawai sai in ɗauka. Na ce ya tsaya, na danna.

Ban sauke kyamarar daga idona ba sai ga samarin Fulani sun kewaye mu, kowa da sanda a kafaɗa. Ba wanda ya ɗaga murya, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Ɗan acaɓar ya raɗa min cewa kwanan nan shanu suka yi ɓarna a wata gona, maganar tana gaban alƙali a Rano, sun ɗauka turo ni aka yi neman shaida.

Suka kai mu ruga wajen wani dattijo. Bai amsa gaisuwata ba sai da ya gama kallon kyamarar.

"Buɗe ta," in ji shi.

"Baffa, in na buɗe, haske zai ƙone komai. Akwai hoton wata tsohuwa a ciki, gobe za a kai takardunta na Makka."

Na tsaya ina tunanin wane ido zan kalli 'ya'yan matar nan da shi.

"Makka za ta?"

"Wallahi Makka, Baffa."

Ya juya ya yi Fulatanci da babban ɗansa, magidanci mai ƙasumba, sannan ya ce min, "Ku je tare a wanke. Na tsohuwa naka, na shanu namu."

Mu uku muka hau babur ɗaya, sandarsa tana zungurar haƙarƙarina har Rano. Ɗakin wankin hoto ɗaya ne a garin, kuma mai shi abokin hulɗata ne. Da ya fito da hotunan, fasfon tsohuwa ya yi tas. Sai na dubi na shanun. A gefen hoton, inda ko kusa ban lura ba lokacin ɗauka, shanu biyu ne tsundum cikin dawa.

Mai wankin ya ƙura wa hoton ido. "Malam, ai wannan gonar kawuna ce. Ga tsamiyar nan. Bar min shi."

Bafulatanin ya gyara tsayuwa a bakin ƙofa.

Raina ya ɓaci da su duka, har da kaina. Kawun mai wankin yana da gaskiya, na sani. Amma dattijon nan yana da ikon farfasa kyamarata, ya bar ni na tafi saboda wata tsohuwa da bai taɓa gani ba. Na ɗauki almakashi na yanke wurin shanun daga fim ɗin, na haɗa da hoton na miƙa wa ɗansa. Ya cusa a aljihu ya fita.

Mai wankin ya zuba fasfon a ambulan ya turo min a kan tebur, bai dube ni ba.

"Kai wa tsohuwarka," in ji shi. "Daga yau kuma ka nemi wani wurin wanki."