Dirkokin Tauno Karvinen

A ƙauyen nan na bakin tafkin Pielinen kowa yana da gadar katako da yake ɗaure kwale-kwalensa, kowa kuma ya san abin da ake yi da ita idan Oktoba ta kama. A kwance ta gunduwa-gunduwa, a ja ta tudu, a lulluɓe, sai ƙanƙara ta narke a mayar. Ta Tauno Karvinen ce kaɗai ba ta ciruwa.

Mahaifinsa ne ya ja masa. Tsohon taurin kai gare shi, yana ganin cire gada duk shekara aikin matsorata ne, sai ya kafa dirkoki goma sha biyu har cikin laka, ya danne su da duwatsu. Idan tafki ya daskare, ƙanƙara takan riƙe dirkokin gam, ruwa na hawa da sauka a ƙarƙashinta, ita kuma tana girgiza su kamar mai cire haƙori. Maganin ɗaya ne: a yanka ta da zarto kewaye da kowace dirka, bayan kwana biyu a sake, tun daga Nuwamba har Afrilu. Da tsohon zai rasu, wasiyyarsa ba ta wuce wannan ba: "Kada ka bari gadar ta tafi."

Shekara talatin da huɗu Tauno yana yanka. An taɓa yi masa tayin aiki a masana'antar takarda, ya ce sai bayan hunturu, aka ba wani. Matarsa ta yi jinyar ajali a asibitin birnin Joensuu cikin tsananin sanyi, bai taɓa kwana biyu a jere kusa da ita ba. Wannan bai yafe wa kansa ba, bai kuma yafe wa gadar ba. Amma mutanen nan ba sa faɗin irin wannan, don haka ƙauye ya ɗauka so ne yake yi mata.

'Yarsa Outi, wadda ke aure a Joensuu, ta kira shi wata Lahadi.

"Baba, ɗakin da na gyara maka na nan fa, har labule na sa. Jikokinka sun fi sanin muryarka a kan fuskarka."

"Bari ƙanƙara ta tafi tukuna."

"Bara ma haka ka ce. Katako ne fa, Baba. Ko kwale-kwalen ka daina hawa, kafaɗarka ta gama aiki."

Ya ajiye wayar ransa a jagule, don gaskiya ta faɗa, kuma tafiyar yake so har cikin ƙashinsa. Ya sa hannu ya rushe abin da ubansa ya kafa, wannan ba zai iya ba. Amma idan ƙanƙara ce ta ci, wa za a tuhuma?

Daga Maris ya daina yanka. Yana fita dai da zartonsa kamar kullum, ya durƙusa ta ɓangaren da ake hangowa daga hanya, ya yi ta kankarar sama. Maƙwabcinsa Aulis Pesonen, wanda suka yi firamare tare, yakan tsaya da karensa.

"Har yanzu kana yi wa amaryar taka tausa?"

"Ta fi ka amfani, ko ba komai ba ta surutu."

"Ranar da ka mutu a ƙarƙashinta za mu binne ka, ka ci gaba da gadi."

Ƙarshen Afrilu ƙanƙara ta rabu da gaɓa, ta fara yawo falle-falle. A irin wannan lokaci Tauno yakan jera gungume uku a gaban gadar, ya haɗa su da sarƙa don su tare karo. Bana ma ya jera, sai dai bai maƙale bakin sarƙar ba.

Wata Laraba da hantsi iskar arewa ta taso. Yana bakin taga da kofin gahawa ya ji ƙarar farko. Dirkokin suka riƙa kwanciya ɗaya bayan ɗaya, kafin gahawar ta huce an gama. Wani sanyi ya ratsa ƙirjinsa wanda ya manta irinsa, kunya na biye da shi. Ya sauka bakin ruwa, hawaye suka zubo masa, na hutu.

A haka Aulis ya same shi. Ya cire hula.

"Ka yi iya yinka, Tauno."

Nan Tauno ya yi kuskuren. Ya ga ya kamata ya faɗi abin da ɗa nagari zai faɗa, sai ya goge ido ya ce, "Ita kaɗai ta rage mini daga Baba."

Ya kira Outi ya ce ta zo ɗaukarsa farkon Yuni. Ya haɗa kaya a kwali, ya kyautar da dankalin iri.

Asabar ta ƙarshen Mayu ya ji tarakta a ƙofar gida. Mutum kusan ashirin ne, maza da itacen da suka saro, mata da tukunyar miyar kifi da baƙin burodi. Gayya suka yi masa, ba tare da shawartarsa ba, don su ba shi mamaki.

"Mun auna ramukan," in ji Aulis yana washe baki. "Yadda babanka ya kafa ta haka za mu mayar. Har huɗu muka ƙara, don ta fi ƙarko."

A ƙasar nan ba a korar gayya. Mai gida yakan ɗora gahawa ne, ya hura wutar sauna, ɗakin wankan tururi, don ma'aikata su yi wanka, ya yi godiya. Tauno ya yi duka ukun. Da la'asar Aulis ya miƙa masa sabon zarto mai doguwar ƙota, wai saboda kafaɗarsa.

Bayan sun watse Outi ta kira, tana tambaya ko Talata ta yi masa. Ya tsaya a kan sabon katakon mai ƙamshin ƙaro, ya ƙirga dirkokin, goma sha shida cif.

"Outi," ya ce, "ki ba yaranki ɗakin nan da kika gyara mini."