Feshin Ƙarshe na Yaya Kushi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, goma sha tara ga Agusta, Allah Ya karɓi ran maƙwabcina Kushi Muhammad, a ƙauyenmu da ke kusa da Depalpur. Tiren alawar laddu ne a hannuna, na nufo gidansa da albishir ɗin jikana na fari, na tarar ana shimfiɗa tabarmi.

Yaya Kushi, na gaji. Safe in karɓi barka, yamma in karɓi gaisuwa, har bakina ya rasa wadda zai amsa.

Shekara talatin kana yi wa masarar ƙauyen nan feshin maganin ciyawa. Ban manta shekarar da na ninka ma'auni ba, na fesa da tsakar rana a busasshiyar ƙasa. Masara ta ƙone, jiji da ƙiri-ƙiri suka tsaya kore shar. Ka duba gonar ka ce, "Siraju, ciyawar ce ta ɗauke ka aiki?" Kai ka ja ni ajin manya na yamma, da furfurata, don in iya karanta jikin kwalba. Da wannan karatun nake rubuta maka yau.

Kullum maganarka ɗaya: a fesa bayan ban ruwa, ƙasa da danshi, ciyawa tana ganye uku. Ta wuce haka, magani wanka ne kawai.

Bana lokacin ya faɗo a makon da matar ɗana ta kwanta asibiti a Okara za ta haihu. Kwana huɗu ina can, masarar da za mu ci shekara tana nan ciyawa na cim mata. Na kira ka, ka ce, "Zauna ka jira jikanka, tsoho. Ciyawa ba ta jiran suna, amma ba kai kaɗai ke da baya ba." Ashe da ciwon ƙirjinka ka goya tankin feshi, ka bi eka biyun nan layi-layi. Da na sani da ban kira ba.

Maganin yakan yi kwana goma kafin ya nuna. Jiya na je gonar. Ciyawa ta yi rawaya ta kwanta, masara ta kai gwiwa. Aikinka ya ci, ba ka gani ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata kabarinka. Ina miƙa ta'aziyya ga uwargidanka Zubaida Bibi da 'ya'yanka Liyakat da Nasrin, Allah Ya ba su haƙuri. Yaron mun sa masa Kushi. In Allah Ya raya shi, ni zan koya masa ƙirga ganye.

Siraj Din