Ranar da Ɗan Layin Kwamfuta Ya Kai Ni Ƙaura

Shekarar da aka fara Shari'a ina aikin buga takardu a wani ofishi a Shinkafi. Kwamfutarmu ɗaya ce, tsohuwa, allonta baƙi ƙirin. Ba hoto, sai wani ɗan farin layi mai ƙyaftawa da ke nuna inda harafi zai sauka.

Wata Talata da hantsi janareto ya yi tari, allon ya cika da tarkacen alamomi. Da ya lafa rubutu ya dawo, amma ɗan layin ya ɓace. Ina bugawa haruffa na fitowa, sai dai in na koma baya gyaran kuskure ban san inda nake ba. Haka na goge rabin wasiƙar da nake bugawa.

Na kai hannu zan kashe ta, shugaban ofishinmu ya tsai da ni.

"Kada ki taɓa, Malama. Wancan karon da anka kashe ta, sati ukku ba ta tashi ba."

"Ranka ya daɗe, to mi za ni yi?"

"Ki tai Ƙaura, ki tambayo wanda ya haɗa muna ita."

Tarhon ofis ya daɗe da mutuwa. Na je tasha na zauna cikin motar mata har ta cika, rana ta take. A Ƙaura kuma lokacin an hana mu mata hawa kabu-kabu, don haka da ƙafa na taka har shagon mai gyaran, hijabina sharkaf da zufa.

Na iske shi yana shan rake. Ban ma gama bayani ba ya yagi gefen kwali ya rubuta mode co80.

"Buga wannan, ki danna babban maɓallin. Ko ki kashe ki kunna, duk ɗaya ne."

Da ƙyar na iya yi masa godiya.

Bayan la'asar na iso ofis, ƙafafuna na zogi. Ashe tun azahar man janareto ya ƙare, kwamfutar ta mutu, aka zuba wani ta tashi lafiya lau, layin na ta ƙyaftawa.

"Ai ta warke da kanta," in ji shugaban. "Wasiƙar fa?"

Na ce sai gobe, na ɗauki jakata na fita.

Da abin ya sake faruwa bayan sati biyu, ban gaya wa kowa ba. Na ciro kwalin daga aljihun tebur, na buga, layin ya dawo, na ci gaba da aikina.