Ranar da Malami Ya Shiga Ƙarƙashin Mota a Bafarawa

Ni mai faci ne a tashar Sabon Birni, kuma direbobin da suka wuce ta gaban rumfata ba su ƙirguwa. Yawancinsu baki ne kawai, kowa ka ji shi ne gwani. Malami Labbo ba ya cikinsu. Mutum ne mai nauyin baki, in ka gaishe shi da safe, sai ka yi haƙuri kafin amsar ta iso.

Ɗan Tsamaye ne, da noman gero ya tashi. Bawa Ɗanmusa, tsohon direban gingimari, shi ya ɗauko shi daga gona ya koya masa tuƙi, ya zauna da shi har hannunsa ya faɗa, daga baya kuma ya ba shi auren 'yarsa Mairama. Saboda haka Bawa maigidansa ne kuma surukinsa. Malami bai taɓa cin abinci a gabansa ba, ko ruwa zai sha sai ya juya baya.

Da farin nan na farkon shekarun saba'in ya zo, gero ya bushe a tsaye, rumbuna suka koma wayam. Wani ɗan kasuwa ya sa su biyun a mota ɗaya suna ɗauko hatsi daga Ƙauran Namoda, su biyo ta Isa su sauke a Sabon Birni. Hanya ba kyau, mutane kuma na jiran abinci, don haka motar ba ta hutawa. Wannan ya gaji, wancan ya karɓa.

Al'adar direbobinmu a lokacin ita ce, mai sauka daga sitiyari shi ke zagaya mota. Ya duba taya da ruwa da birki da igiyar kaya, sannan ya ce wa ɗan'uwansa lafiya take. Mai karɓa ya hau kawai. Ka sake dubawa bayan mutum ya faɗi haka, kamar ka ce masa maƙaryaci ne. Ni dai ban taɓa ganin hikimar wannan al'ada ba, amma wa ya tambayi mai faci?

Sai idon Bawa ya fara rauni. Malami ne ya fara lura. Ya ga tsohon yana lalubar noti da yatsa maimakon ya kalla, ya ga ya wuce tayar da ta tsage bai ce komai ba. Ya san in mai mota ya ji, zai sauke Bawa, ga shi gidan Bawa cike da baki, a shekarar da ko dusa ta yi daraja. Sai ya yi shiru, ya koma dubawa a ɓoye. In Bawa ya zagaya yin alwala, shi kuma ya bi motar da sauri ya sake duba komai. Nakan gan shi daga rumfata, in kau da kai.

Haka suka yi ta yi har wata ranar kasuwar Bafarawa. Ban je ba, amma waɗanda ke wurin sun ba ni labari, Malami ma ya ba ni daga baya. Motar na cike da buhunan dawa, a kan buhunan kuma mata da tsofaffi da yara ne, waɗanda yunwa ta taso daga ƙauyukansu. Bawa ya tsaya, ya zagaya motar kamar kullum, ya ce, "Lahiya take, Malami." Ranar bai je ko'ina ba. Ya koma gaba ya zauna yana jira.

Malami na shirin hawa ke nan ya hango wani danshi a cikin tayar baya. A wannan shekara ba abin da ke jiƙa taya sai mai. Ya san akwai gangaren gulbi a gabansu, ya ɗaga kai ya ga mutanen da ke saman kaya. Ga kuma direbobi da 'yan kamasho tsaitsaye, duk sun ji abin da Bawa ya ce. Ya daɗe riƙe da ƙofar motar. Sannan ya cire hularsa, ya kwanta a ƙasa ya shige ƙarƙashi.

Bututun man birki ne ya tsage, man yana ɗiga. Bawa ya sauko a hankali, ya durƙusa, ya shafa wurin ya kai yatsa hanci.

"Nan na biyo yanzu," in ji shi. "Ban gane shi ba."

"Baba, wurin da duhu," Malami ya amsa daga ƙasa.

"Rana tsaka ta, Malami. Tun yaushe kake dibawa bayana?"

Malami ya fito daga ƙarƙashin motar, ya ɗauki hularsa. Aka kira bakanike ya ɗaure bututun, suka iso Sabon Birni lafiya. Bawa da ƙafarsa ya je wurin mai mota ya ce ya ajiye tuƙi.

Daga ranar Malami ya ɗauki gida biyu da hannu ɗaya. Ya rame har rigarsa ta yi masa yawa. Duk abin da ya samo sai ya raba, Mairama ta kai gidan mahaifinta. Bawa yana karɓa, yana amsa gaisuwa, amma maganar Bafarawa bai taɓa tayarwa ba. Wannan shirun ya ci Malami fiye da yunwar. Ya taɓa ce mini, "Ni na sauke shi gaban mutane. Ban san da wace huska za ni tsayawa gabanshi ba." Wallahi na ji tausayinsa, na kuma ji haushin tsohon, don kalma ɗaya ta isa.

Ruwa ya dawo, shekaru suka tafi, Bawa ya makance gaba ɗaya. Da ciwon ajali ya kwantar da shi, Malami yana zaune a zaure, don ko a lokacin kunya ba ta bar shi ya shiga ɗakin ba. Can Mairama ta fito ta tsuguna kusa da shi.

"Baba ya ce in hwaɗa maka ka yi daidai," ta ce. "Ya ce shi ma kunyarka ta hana shi hwaɗi."

Malami ya rufe fuska da hannun riga. Ina gefensa, na tashi na ba shi wuri.