Jar Mota da Rawanin Yaya

Lokacin da muke yara a Ƙofar Dumi, motocin da ke shigowa unguwarmu ba su da yawa, kuma kowace mun san ta da ƙarar injinta tun kafin ta shawo kwana. Mota a wancan zamani ta jama'a ce. Wanda Allah ya ba shi ita, shi ne mai kai mara lafiya asibiti, shi ne mai ɗauko baƙi daga tasha, ba wanda ke tambayarsa ko yana jin daɗin tuƙin. Yanzu ina zaune a Gwallameji, wurin da na sani gonaki ne zalla, kusan kowane gida da garejinsa, da safe motoci da kekuna masu ƙafa uku su cika hanya zuwa ofis. Har an kai ga mutum ya sayi mota don kawai ransa yana so. Ni ma na kai nan, amma sai da furfura ta cinye gemuna.

Aikin injinan noma da famfunan ban ruwa ya kai ni wurare. Na yi karatu a Jamus, na yi aiki a Sudan da Nijar da Kamaru, ko'ina na zauna kuma na koyi harshen mutanen na lura da tuƙinsu. Bajamushe ba ya tsallake layi ko da daga shi sai Allah a kan hanya. Direban Khartum hannu ɗaya na kan sitiyari, ɗayan na waje yana yi wa duniya bayani. Mu a Bauchi kuwa ba ka wuce wanda ka sani ba ka rage gudu ka ɗaga masa hannu ba.

A Jamus na kamu da son mota mai gudu. Ina ɗalibi, muna tafe a tsohuwar motar wani abokin karatuna a kan babbar hanyarsu, sai wata jar mota mai ƙofa biyu ta wuce mu. Ban ma gan ta sosai ba, ƙararta ce ta zauna mini a ƙirji. Na yi shekaru ina tuƙa a-kori-kura da motocin daji cikin laka da yashi, jar motar nan tana raina.

Da na yi ritaya, yara suka kama gabansu, tsohuwar motata kuma ta gaji, sai matata Hajiya ta ce in dai ba zan bar maganar nan ba in je in saya in huta, ita ma ta huta. Sharaɗinta ɗaya ne, mota guda za a ajiye a gidan. Ita ce ta kasuwa, ita ce ta asibiti, ita ce ta yawon shan iskata.

Dillali ya samo mini guda biyu, duka 'yan Kwatano masu lafiya. Ta farko Bajamushiya ce, ja, mai ƙofa biyu, cikinta kamar zai taɓa ƙasa, in ka zauna a ciki sai ka ji kamar ka kishingiɗa. Ta biyu ta Japan ce, launin toka, mai ƙofa huɗu, giyar hannu, tayoyinta huɗu duk suna ja. In ka gan ta a fake sai ka ɗauka motar wani malamin makaranta ce. Sai ka taka totur za ka san abin da ke ƙarƙashin murfin.

Na gwada su da safe a hanyar Jos, ni kaɗai, cikin wando da 'yar shat kamar yadda na ga ana gwajin mota a Turai. Ta tokar ta riƙe kwalta a kwana kamar an ɗaure ta, ban same ta da aibi ko ɗaya ba. Amma da na shiga jar na ba ta wuta, na ji wannan ƙara a bayan kunnena, sai na koma ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Na dawo na riga na yanke hukunci. Saura kawai bakanikena ya duba ta.

Bakaniken nan tsohon soja ne daga kudancin jiha, Kirista, garejinsa na kusa da barikin Shadawanka. Saje muke ce masa. Mun fi shekara ashirin tare, shi ke aiko mana da shinkafa da kaza ranar Kirsimeti, mu kuma cinyar rago da Babbar Salla. Ya shiga ƙarƙashin jar, ya fito, ya saurari injin da kunnensa a jikin wani dogon ƙarfe, ya ce lafiyarta ƙalau. Sannan ya dube ni daga sama har ƙasa ya tambaye ni ko da wannan shigar nake zuwa masallaci. Na ce a'a. Ya ce shi a ƙa'idarsa ba ya cewa mota ta yi sai mai ita ya shige ta da kayan da yake sawa a babbar ranarsa. Ya ba ni labarin yadda ya taɓa mayar da wata mota mai kyau saboda gwaggwaron matarsa ya ƙi shiga ranar Lahadi, ta isa coci da ɗankwali a karkace, ta yi mako ba ta yi masa magana ba.

"Alhaji, motan nan ba shi da laifi," in ji shi da Hausarsa ta bariki. "Amma ka sa babban riga da hula ka gwada tukuna. Kuma ka tuna ba kai kaɗai kake shiga mota ran Juma'a ba."

Ya san abin da yake faɗa. Duk Juma'a nakan je gidanmu na gado a Ƙofar Dumi in ɗauki Yaya zuwa masallaci. Yaya ya girme ni da shekara goma sha biyu, malami ne, gwiwoyinsa sun daɗe da gajiya. Duk shekarun da nake yawon ƙasashe shi ya riƙe gidan. Shi ya yi jinyar mahaifinmu, shi ya sa mahaifiyarmu a kabari ina Sudan, labari bai iske ni ba sai bayan kwana uku. Da na dawo gida na yi ta neman abin da zan yi masa, ya ƙi komai. Na ce ya dawo Gwallameji, ya ƙi. Na ce a rushe ɗakinsa a yi na siminti, ya ƙi. Abu ɗaya tak ya karɓa daga hannuna, wannan ɗauka ta Juma'a. A cikin motar nan ne kawai muke zama mu biyu ba kowa, yana tsokanata da Ɗan Jamus, ina ba shi labarin wuraren da na gani.

Da na ji maganar Saje da kyau, da na gwada da babbar riga a ƙofar gidana in gani. Amma ɗoki ya hana. Na roƙi dillali ya bar mini jar zuwa Juma'a, na ce bari in nuna wa Yaya abin da na yi shekaru ina ba shi labari.

Ranar Juma'a tun daga gida hulata ta taɓa rufi, na cire na ajiye a cinya. Da na shiga lungun gidanmu cikin motar ya gurji falalen dutsen da aka ɗora a kan kwata, maɗinka da masu gyaran babur duk suka miƙe suna kallo. Yaya ya fito da sandarsa da farin rawaninsa, ya zaga motar ya ce ina sauran rabinta. Shiga ba ta yi wuya ba, don faɗawa ya yi kawai. Matsalar farko gaisuwa ce. A unguwarmu ba ka gaida malami kana sama da shi, to ga Yaya zaune kusan a ƙasa. Wani dattijon baduku da ya zo gaishe shi ya rusuna, ya ga har yanzu ya fi shi tsawo, ya durƙusa, bai isa ba, ƙarshe sai da ya zauna dirshan a bakin kwata. Yaya ya yi dariya, ni ma na yi.

A ƙofar masallaci dariyar ta ƙare. Na buɗe masa ƙofa, ya fito da ƙafa ɗaya, ya dafa sanda, gwiwa ta ƙi ɗagawa. Ya sake gwadawa, ta ƙi. Mutane na wucewa da dardumominsu, da yawa ɗalibansa ne na da. Na kama hannunsa, wani mutum ya kama ɗayan, muka ɗago shi kamar buhu, bakin ƙofar ya tuɓe masa rawani ya faɗi ƙasa ya warware. Tun ina yaro ban taɓa ganin kan Yaya a waje ba rawani ba. Ya tsaya a gaban jama'a da 'yar hular ciki, ya karɓi rawanin daga hannun wanda ya tsinta, ya kakkaɓe, ya naɗa a tsanake, ya shige bai dube ni ba.

Da aka idar ya ce in tafi, akwai wanda zai rage masa hanya. Na bi shi gida da la'asar in ba shi haƙuri. Bai yi faɗa ba, Yaya ba ya faɗa.

"Ɗan Jamus, motarka ta yi kyau, Allah ya sa alheri," ya ce. "Ka daɗe kana son ta, kada ka fasa saboda ni. Ni keke ya ishe ni."

Juma'ar da ta biyo ya hau keke mai ƙafa uku tun kafin in iso. Na tarar da zaure ba kowa. Na yi salla a sahun baya ina hango farin rawanin can gaba.

Ba zan ce mayar da jar ya zo mini da sauƙi ba. Na zauna a cikinta a gareji na tada injin na saurara har Hajiya ta leƙo ta tambaya ko lafiya. Washegari na kai wa dillali makullinta na karɓi na mai launin toka. Saje ya duba ta, sannan ya sa na koma gida na sako babbar riga da doguwar hula. Na shiga na fita a gabansa, ya ce yanzu ta yi.

Ranar Alhamis da hantsi, lokacin da lungu ya yi shiru, na je na faka a ƙofar zaure na buɗe ƙofar gaba na koma gefe. Yaya ya fito, ya dubi motar, ya dubi lungun hagu da dama. Ya zauna a kujerar, ya dafa sanda ya miƙe da kansa. Ya sake zama, ya sake miƙewa. A karo na uku ya shafa rawaninsa ya ji yana nan daram, ya ja ƙafafunsa ciki ya ce in rufe ƙofa.

Na ɗauki hanyar Dass. Damina ce, duwatsu sun yi kore, dawa ta kai ƙugu. Ina tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, har muka wuce gidajen ƙarshe. Yaya ya gama addu'ar hawa abin hawa, can ya juyo.

"Wannan shi ne gudun da ka cika mana kunne da shi shekara da shekaru? Ai keken makon jiya ya fi ka sauri."

Na duba gaba, hanya miƙaƙƙiya, ba mota ba mutum. Na ce ya gyara bel. Na sauke giya ɗaya na taka totur. Motar ta manna mu da kujera, injin ya buɗe murya, na sa giya ta gaba, na sake sa ta gaba, hannuna bai manta komai ba. Muka shiga wata doguwar kwana a gindin dutse, ta bi ta sumul ba ta ko karkata ba. Can nesa na hango shanu sun fara hawowa kwalta. Na taka burki a hankali ina sauke giya ɗaya bayan ɗaya, muka tsaya da tazara mai yawa, sandar Yaya da ke jingine ko zamewa ba ta yi ba. Na gaida makiyayin da Fillanci, ya amsa yana leƙen motar.

Na juya in ga ko Yaya ya tsorata. Hannunsa ɗaya na dafe da rawani, bakinsa a buɗe, yana irin dariyar da rabon da in ji ta tun ina yaro. Ya ce ashe Jamusawan sun koya mini wani abu. Ya ce in shanun sun wuce in ƙara.

Na tuƙa mota a ƙasashe da dama, ban taɓa yin tuƙin da nake alfahari da shi kamar na wannan hantsi ba. Motar tana nan har yau. Tana kai Hajiya kasuwar Wunti, tana haye falalen kwatar lungunmu cikinta ba ya taɓa shi, baduku yana gaida Yaya da rusunawa ɗaya kamar yadda aka saba. Duk Juma'a bayan an sauko ba ma komawa gida kai tsaye, sai mun taɓa hanyar Dass, kuma Yaya ne ke cewa in taka. Daga wannan Alhamis ban sake sha'awar jar mota ba, Yaya kuma bai sake hawa keke zuwa masallaci ba.