Doyar Malamar Aji Ɗaya

Shekara tara ina zama gefen Magdalina a kujerar baya ta motar Ndaceko, saboda haka idan na ba da labarinta, yawancinsa ba ji na yi a bakin wani ba. Na san warin man zafin da take shafa wa gwiwoyinta fiye da yadda na san turaren mijina.

Mu biyu malaman firamare ne a wani ƙauye gab da Wushishi, kuma dukanmu a unguwar Fadikpe muke zaune. Ita ke riƙe da aji ɗaya, ni aji huɗu. Ƙarfe shida na safe muke tsayawa bakin titi, Ndaceko ya kwashe mu tare da wasu ma'aikata, mu kama hanyar Zungeru muna faɗawa rami muna fita. Ta riga ni shiga wannan wahala, shekararta ashirin da biyu tana yi. 'Yar manoma ce, ta auri Josiah, ta haifi huɗu, duk a kan wannan hanya ta yi goyonsu. Maman Praise ake ce mata, da sunan 'yar farinta. Da yawa daga iyayen yaran da ke ajinta yanzu, ita ta kama hannunsu suka fara rubutu.

Yaran suna zuwa mata ba Hausa ba Turanci, sai yaren gida. Ba ta ba su fensir sai sun yi wata guda suna zane da yatsa a ƙasa a gindin mangwaro. Mutanen ƙauyen kuma suna da al'adarsu: idan sabuwar doya ta fito, duk gidan da ke da yaro a aji ɗaya sai ya kai wa malamar ajin doya guda, wadda ta fi girma a gonar. Malamar aji ɗaya kaɗai, mu sauran sai kallo. Duk shekara abin yana ci mini rai, ko da yake takan aiko mini da biyu.

Bara ciwon gwiwoyin ya tsananta. Likita ya ce zaman motar nan ne, in ba ta daina ba nan gaba sai da sanda. Ana cikin haka sai mai wata makarantar kuɗi da ke bayan layinsu ta zo har gida ta ce tana son ta riƙe mata ƙananan yara. Tafiyar minti biyar a ƙafa! Ni da na kai takarduna makarantar nan sau biyu ko kirana ba a yi ba. Na ce mata na taya ta murna, amma Allah ya sani baki ne kawai ya faɗa.

Ta kasa yanke shawara. Yau ta ce ta gaji, gobe ta ce wa zai iya da yaranta. Josiah ya ce ta ɗauki hutun mako biyu ta gwada sabon aikin, hedimasta ya yarda. Aka ba wa Faith riƙon ajin, wata matashiya da iyayen yara suka ɗauka aiki, mai fara'a kamar ba ta san ciwon kai ba.

Abin da Magdalina ta manta shi ne makon fitowar doya ne.

Ranar da ta dawo har ƙiba ta yi, tana ba mu labarin yadda take karyawa a zaune. Muka isa makaranta, ta nufi gindin mangwaro, ba kowa. Yaran suna cikin aji, kowanne da fensir a hannu, suna rera wata waƙar da ba ita ta koya musu ba. Suka gaishe ta da ladabi, sannan suka juya suna "Anti Faith, Anti Faith," kowa na son a duba nasa. Ina tsaye a baranda na ga yadda fuskarta ta sauya. Kishi ne tsantsa, ni kuwa na san kamanninsa.

Da aka tashi, muka tarar Ndaceko yana shirya doya a bayan mota. Magdalina ta matsa ta ɗaga ɗaya tana jin nauyinta.

"Madam, ka yi haƙuri," in ji Ndaceko da irin Hausarsa, "wannan ba naka ba ne. Na Anti Faith ne. Sun ce wanda yana aji shi ne malam."

Faith ta yi saurin cewa, "Haba Mama, ki ɗauki rabi mana, don Allah."

"Na gode, 'yata. Muna da doya a gida."

Ba su da ko guda, ni shaida ce.

Washegari da yamma ta je wajen mai makarantar kuɗin ta ce ba za ta karɓi aikin ba. Matar ta tambaye ta ko ta san wata da za ta iya. Magdalina ta zauna ta yabi Faith kamar 'yar cikinta: ga haƙuri, ga waƙa, ga iya yara. Kafin wata ya ƙare Faith ta koma Fadikpe, Magdalina ta kwashe fensiran ta mayar da yaranta gindin mangwaro.

A mota na ji labarin, daga bakin Ndaceko. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na juya na dubi Magdalina, tana murza gwiwa tana cije leɓe saboda ramin da muka faɗa.

"Maman Praise, yanzu fisabilillahi, aiki a ƙofar gida kika ƙi saboda doya? Kin ji abin da likita ya ce fa."

"Na ji."

"To kin ƙi, kin ƙi. Ni da nake zaune gefenki shekara tara, kin san ina neman wurin nan, aka ce ki kawo suna, sai ki kai na yarinyar da ta zo jiya?"

Ta dube ni, da alama sai yanzu abin ya faɗo mata. Ta kama hannuna.

"Wallahi, Malama Rabi, ban tuna da ke ba. Ke ai ba ki taɓa mini yarana ba."